Murar tsuntsaye: yadda ƙwayar cutar ke haɗa takardunta 8, da inda abin ya shafe mu

A watan Maris na shekarar 2024, likitocin dabbobi na ƙasar Amurka sun ba da labarin da ya ba masana mamaki. An samu murar tsuntsaye, wadda ake kira H5N1, a jikin shanun tatsa a jihar Teksas. Kafin wannan lokaci ba a san cutar da yaɗuwa tsakanin shanu ba. Zuwa tsakiyar shekarar 2025 ta shiga garke sama da 1000 a jihohi 17 na ƙasar, ta kuma kama mutum wajen 70, galibinsu masu aiki da shanu ko kaji.

Mai karatu zai iya cewa Amurka tana da nisa. Gaskiya ne, amma cutar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A watan Fabrairu na shekarar 2006 aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka, a wani gidan kaji na jihar Kaduna ta Najeriya. Kafin watan ya ƙare aka same ta a Magarya, cikin jihar Damagaram. Ta sake ɓulla a Maraɗi a 2015, sannan a jihar Tawa a ƙarshen 2022. Duk wanda ya ga kajinsa suna zubewa a rana guda ya san asarar da take jawowa.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙidaya mutum sama da 900 da H5N1 ta kama daga 2003 zuwa 2024, kuma kusan rabinsu sun rasu. Wannan adadi kaɗan ne idan an kwatanta shi da na zazzaɓin cizon sauro. To, me ya sa likitocin duniya suke sa mata ido haka? Amsar tana cikin yadda aka gina ƙwayar cutar, da yadda take haɗa kayanta idan ta shiga jiki.

Mece ce ƙwayar mura?

Ƙwayar da ke kawo mura tana daga cikin waɗanda likitoci ke kira birus. Ƙanƙantarta ta wuce misali: sai an jera guda 10,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Ido ba ya ganinta, haka ma madubin da ake duba jini da shi a asibiti.

Birus ba ya ci, ba ya sha, kuma ba ya iya haihuwa da kansa. Jikin mutum da na dabba an gina su ne da wasu ƴan ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina gida da tubali. A nan za mu kira su ɗakunan jiki, don kada a rikita su da ƙwayar cuta. Sai birus ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan ɗakuna, ya yi amfani da kayan aikin da ya tarar a ciki, sannan yake samun ƴaƴa.

Kowane birus yana ɗauke da umurnin yadda za a ƙera irinsa. Umurnin a rubuce yake da wani sinadari mai kama da zare. A wajen wasu cututtuka, kamar ƙyanda, rubutun duka yana kan takarda guda mai tsawo. Ita kuwa murar da ke kama mutane da tsuntsaye, wadda ake kira rukunin A, rubutunta a rarrabe yake kashi 8, kamar littafi mai takardu 8 da ba a ɗinke ba. Idan an haɗa su duka, haruffan sun kai kimanin 13,500.

Kowace takarda da aikinta. Guda 3 suna ba da umurnin ƙera injin da ke kwafar rubutun. Guda 1 tana ba da na abin da ake naɗe takardun a jikinsa. Guda 2 suna kula da bangon ƙwayar da kuma toshe bakin jiki don kada ya yi saurin kai ƙara ga masu tsaronsa. Sauran 2 su ne suka fi suna: takardar H da takardar N. H ita ce mabuɗin da ƙwayar ke buɗe ƙofar ɗakin jiki da shi. N ita ce wuƙar da sababbin ƙwayoyi ke yanke kansu da ita su fita. A jikin tsuntsaye an san H aƙalla iri 16 da N iri 9. Daga nan sunaye irin su H5N1 da H9N2 suka samo asali: H na biyar tare da N na ɗaya, ko H na tara tare da N na biyu.

Abin da ke faruwa a cikin ɗakin jiki

Idan ƙwayar ta shiga hanci ko maƙogwaro, sai ta manne a bangon wani ɗaki da mabuɗinta. Ɗakin yakan haɗiye ta cikin wata ƴar jaka. Daga nan sai bangon ƙwayar ya buɗe, takardun 8 su zube cikin ɗakin.

A tsakiyar kowane ɗaki akwai wata ƙurya inda jiki ke ajiye nasa rubutun gado. Can takardun cutar ke nufa. A cikin ƙuryar ake kwafar su, kowace takarda ɗaruruwa ko dubbai. Ɗakin kuma yakan bar aikinsa ya koma ƙera wa baƙon kayan jiki: mabuɗai, wuƙaƙe da tubalan bango. Mabuɗai da wuƙaƙen sukan tafi su jeru a bangon ɗakin, suna jiran takardu.

A nan matsala take. Ɗakin ya cika da dubban takardu iri 8, duk a warwatse. Sabuwar ƙwaya kuwa ba za ta iya haihuwa ita kaɗai ba sai tana ɗauke da guda ɗaya daga kowane iri. Idan ta ɗauki takardar H biyu ta bar takardar N, ta zama littafin da wani shafi ya ɓace.

Yadda takardun ke samun juna

Shekaru da yawa masana sun yi saɓani a kan wannan. Wasu sun ce ƙwayar tana ɗiban takardu ne da ka. Amma lissafi ya nuna cewa idan mutum ya rufe ido ya ɗebi takardu 8 daga tarin da ke cakuɗe, sau ɗaya kacal cikin kusan 400 zai dace da cikakken littafi. Wasu kuma suka ce lalle akwai zaɓe.

A shekarar 2006, masana na ƙasar Japan a ƙarƙashin jagorancin Yoshihiro Kawaoka suka duba cikin ƙwayoyin da ke shirin fita, da wani madubi mai ƙarfin gaske. Suka ga takardun a naɗe kamar ƴan sanduna masu tsawo daban-daban, kuma a tsare: guda 1 a tsakiya, guda 7 sun kewaye ta. Wannan tsari ya ƙarfafa maganar masu cewa akwai zaɓe.

Ta yaya takarda ke gane ƴar'uwarta? Wanda ya taɓa ganin tsofaffin littattafan malamai na rubutun hannu ya san ba a ɗinke su. Don kada a rikita shafuka, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a gindin shafin da ya gama. Takardun mura suna da alamu masu irin wannan amfani. A kusa da bakin kowace takarda, gaba da baya, akwai wasu haruffa da ke sa a ɗauke ta. Akwai kuma wuraren da zaren wata takarda ke maƙalewa da zaren wata. Masana sun gwada canza waɗannan haruffa a takarda guda, sai suka ga har wasu takardun daban sun daina shiga ƙwayar yadda ya kamata.

An kuma gano hanyar da takardun ke bi. Bayan sun fito daga ƙuryar tsakiya, sukan hau wasu ƴan jakunkuna da ɗakin ke jigilar kayansa da su. A hanya sukan taru a wasu wurare na musamman. A shekarar 2019, masana na ƙasar Fotugal a ƙarƙashin Maria João Amorim suka nuna cewa waɗannan wuraren taruwa ba su da bango. Suna kama da ɗigon mai a kan ruwa: suna haɗewa, suna rabuwa, takardu na shiga suna fita. Ana ganin a nan ne takardun ke samun damar gogayya da juna har damin ya cika 8. Daga nan damin ya isa bangon ɗakin, bangon ya kumbura ya naɗe shi, wuƙar N ta yanke igiya, sabuwar ƙwaya ta fita. Cikin sa'o'i 6 zuwa 8 da shigar baƙon, ƴaƴansa sun fara fitowa.

Aikin ba ya rasa kuskure. Ƙwayoyi da yawa sukan fito da takardar da ta lalace ko wadda ba ta aiki. Irin waɗannan sukan ci gaba ne idan sun faɗa ɗaki ɗaya da wata ƙwayar da za ta cike musu giɓi.

Idan ƙwayoyi iri biyu suka haɗu a ɗaki ɗaya

Wannan shi ne abin da ke hana likitoci barci. A ce kaza tana ɗauke da mura iri ɗaya, sai wata irin ta sake kama ta, duka biyu suka shiga ɗaki guda. Yanzu takardun da ke cikin ɗakin sun fito daga littattafai biyu. Wajen ɗaure dami, ana iya ɗaukar guda 6 daga wannan, guda 2 daga wancan. A lissafi, haɗuwa iri 256 ce za ta iya fitowa. Biyu daga ciki su ne iyayen, sauran 254 sababbi ne.

Ba dukansu ke rayuwa ba. Sau da yawa alamun takardun ba sa dacewa, ko injin wannan ya ƙi aiki da kayan wancan. Shi ya sa annobar mura ta duniya ba ta zuwa kowace shekara. Amma kamar mai jefa ƙuri'a ne: yawan jifa, yawan damar dacewa.

Haɗarin yana ga mabuɗi. Jikin mutum yana gane mura ne galibi ta mabuɗinta na H. Murar da muke yi lokacin hunturu, jikinmu ya saba da mabuɗanta, ko da yake sukan ɗan canza a hankali, abin da ya sa OMS ke sake duba allurar rigakafinta sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba. Mabuɗin murar tsuntsaye kuwa ya fi dacewa da ƙofofin jikin tsuntsu, ba ya buɗe na hancin mutum da sauƙi. Wannan ne ya sa har zuwa shekarar 2025 ba a ga H5N1 tana yawo daga mutum zuwa mutum ba tare da yankewa ba. Amma idan aka samu ƙwayar da ta haɗa baƙon mabuɗin da jikinmu bai sani ba da iya yaɗuwa irin ta murar mutane, to babu garin da ke da kariya.

Ya taɓa faruwa

A shekarar 1957 wata sabuwar mura, H2N2, ta fito daga ƙasar Sin. Da aka bincika, takardu 3 daga murar tsuntsaye suke, 5 daga murar mutane. Ta kashe mutum sama da miliyan 1. A 1968 aka sake yin musaya: takardu 2 daga tsuntsaye suka shigo, aka samu H3N2, wadda jikokinta ke kama mutane har yau. A watan Afrilu na 2009 wata H1N1 ta ɓulla a Meksiko da Amurka. Takardunta sun taru ne a jikin aladu, amma asalin wasunsu daga tsuntsaye ne, wata kuma daga mutane. Ranar 11 ga Yuni na wannan shekara OMS ta bayyana ta a matsayin annobar duniya.

A 2013 kuma H7N9 ta fito a ƙasar Sin. Takardunta 6 daga wata murar kaji mai sauƙi ce, H9N2. Ta kama mutum sama da 1500, ta kashe sama da 600. Yawancin waɗanda ta kama sun yi hulɗa da kaji masu rai ko kasuwanninsu, kuma da hukuma ta rufe kasuwannin a manyan birane sai yawan masu kamuwa ya faɗi.

Ita ma ƙwayar da ta shiga shanun Amurka haɗin gambiza ce. Takardu 4 daga H5N1 da tsuntsayen daji suka kawo daga Turai a ƙarshen 2021 suke, 4 kuma daga murar tsuntsayen dajin Amurka.

Halin da ake ciki a Afirka ta Yamma

Abubuwa uku sun haɗu a yankinmu. Na farko, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai da Asiya suna sauka a tafkunanmu da koguna lokacin sanyi. A watan Janairu na 2021, H5N1 ta kashe tsuntsayen ruwa wajen 750 a gandun Djoudj na ƙasar Senegal. Na biyu, H9N2 ta shigo gidajen kajin yankin: an same ta a Burkina Faso a 2017, daga baya a Gana, Senegal da Najeriya. Ita ba ta cika kashe kaji da yawa ba, don haka takan zauna ba a lura ba. Na uku, kaji da zabi da agwagi suna ƙetare iyakoki kullum a kan babura da motocin kasuwa.

Sakamakon ya riga ya bayyana. A 2007 masana suka samu ƙwayoyin H5N1 a Najeriya da suka yi musayar takardu tsakaninsu. A 2021, a Burkina Faso, aka samu H5N1 da ke ɗauke da takarda guda ta H9N2. Wannan ƙwaya ba ta zama annobar mutane ba. Amma ta nuna cewa musayar da aka yi bayani a sama tana faruwa a maƙwabtanmu.

Duba kasuwar kaji ta garinku. Kaza daga ƙauyen gabas, agwagwa daga bakin tafki, zabo daga ƙetaren iyaka, duk a akurki ɗaya ko a ɗaure wuri ɗaya, suna shan ruwa a kasko guda. Agwagwa tana iya ɗaukar cutar ba tare da ta nuna alama ba. Wadda ba a saya ba, da yamma a mai da ita gida cikin sauran. Babu wanda zai iya hana takardu cakuɗewa bayan ƙwayoyi biyu sun shiga ɗaki ɗaya. Abin da ke hannunmu shi ne rage haɗuwar tun daga waje.

Abin da kowane gida zai iya yi

1. Kazar da aka sayo, ko wadda ta dawo daga kasuwa, a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida.
2. A raba makwancin kaji da na agwagi, kuma kada tsuntsaye su kwana a ɗakin mutane.
3. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a sanar da ma'aikacin kiwo ko mai gari nan take. Alamun sun yi kama da na cutar kaji da ake kira Niyukasil, wadda ke da allurar rigakafi. Awo ne kaɗai ke raba su, kuma a Yamai akwai ɗakin awo na LABOCEL don dabbobi, da cibiyar CERMES don mutane.
4. Kada a yanka kaza mara lafiya don ci ko sayarwa. Mafi yawan haɗarin yana wajen yanka, figa da gyaran ciki.
5. Mushen tsuntsu, na gida ko na daji, kada a taɓa shi da hannu tsirara, kada a jefa wa kare ko kyanwa. A binne shi a rami mai zurfi, nesa da rijiya. A hana yara wasa da shi.
6. A dafa nama da ƙwai sosai, a tafasa madara. Zafin da ya kai digiri 70 yana kashe ƙwayar.
7. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa kaji ko kashinsu.
8. Wanda zazzaɓi da tari ko jan ido suka kama bayan ya yi hulɗa da tsuntsaye marasa lafiya, ya je asibiti da wuri, ya gaya wa likita maganar tsuntsayen. Kafson da ake saye a tebur ba ya kashe birus. Akwai maganin da ke dakushe wuƙar N, amma ya fi aiki cikin kwana 2 na farko, kuma likita ne ke ba da shi.

Nauyin da ke kan hukuma

Shawara ta uku ita ce mafi wuya, kuma bai kamata a ɓoye dalili ba. A gidaje da yawa kaji su ne asusun mace. Da su take sayen magani, sabulu da littafin yaro. Idan ta san cewa kai rahoto zai sa a zo a kashe sauran kajinta ta tashi a tutar babu, za ta yi shiru, ta kai su kasuwa tun suna tsaye. Ba mugunta ba ce, talauci ne. Amma ta wannan hanya ce cutar ke isa akurkin da wata irin ke jira.

Don haka faɗakarwa kaɗai ba ta isa ba. Ana bukatar diyya mai dacewa da farashin kasuwa, a biya ta da sauri, a hannun mai kajin. Ana bukatar ma'aikatan kiwo masu abin hawa da kayan ɗaukar samfur, da ranar da za a riƙa share kasuwar kaji a wanke ta, da wurin yanka na daban. Tun da fataucin kaji bai san iyaka ba, dole ne ma'aikatan Maraɗi da na Katsina, na Magarya da na Daura, su riƙa sanar da juna. Kuɗin wannan aiki kaɗan ne idan an tuna da abin da annobar korona ta ci wa kasuwanni da makarantu a 2020.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Takardu nawa ne a cikin ƙwayar mura, kuma mene ne aikin H da N?

Me ke iya faruwa idan mura iri biyu suka shiga jikin kaza ɗaya?

A kasuwar garinku, ina ake kai kajin da ba a saya ba idan kasuwa ta tashi?

Idan kajin maƙwabciyarki suka fara mutuwa, wa za a fara gaya wa, kuma me zai sa ta yarda a kai rahoto?